Jinin Yayana a Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Karaye, a masallaci, har a makarantar da nake hedimasta a Kwanyawa, kowa ya gan ni sai ya ce Malam Habu yaya Masar, ka ga dalar Fir'auna, ka sha ruwan Nilu? Wani ma tsarabar dabino ya tambaye ni, sai ka ce daga Umara na dawo. Na gaji da cewa lafiya lau, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda ya karanta da kansa. Ban ga dala ba. Kogin ma ta tagar mota na hange shi, sau biyu. Jini na kai, na dawo da takarda.

Jinin na yayana ne, Yaya Sale na Yammedi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya tsaya kan shanu da gona ya tura ni makaranta, duk bokon da nake taƙama da shi daga guminsa ya fito. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce wash ba. Sa ya taɓa taka masa ƙafa har farce ya fita, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa huɗa, sai da yamma muka gani. Bara ya fara fitsarin jini, muka ɗauka tsargiyar da ya sha fama da ita tun yana yaro ce ta dawo. Sai da abin ya ci ƙarfinsa muka kai shi Kano, aka ce dajin mafitsara ne.

Likitar da ta karɓe shi, Dakta Maryam, ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta zaunar da ni ta ce maganin da za a ɗura masa ta jijiya sunansa sisfilatin, kuma akwai ƙarfe a cikinsa, wani farin ƙarfe mai tsada da ake kira filatinam. Shi ne yake kama ƙwayoyin dajin ya hana su hayayyafa. Amma ƙoda ce za ta fitar da shi daga jiki, in ta yi sanyin aiki ya daɗe a cikin jini sai ya juya ya ci ƙodar, ya ci kunne, ya ci jijiyoyin ƙafa. Duk sati uku ake ɗurawa. Bayan na biyu gwajin ƙodarsa ya tsaya a bakin iyaka, ba a ce ta lalace ba, ba a kuma ce lafiyarta ƙalau ba. A nan ne ta kawo zancen wata abokiyar karatunta a Alƙahira, wadda aikinta ke nan, bin sawun ƙarfen nan a jikin mutum. Abokiyar ta yarda za ta auna na Yaya a cikin bincikenta in an kai mata jinin a daskare. In ya nuna jikinsa ba ya fitar da maganin da wuri, za a canza masa wani mai sauƙi a kan ƙoda. Ɗuri na huɗu kuwa ranar wata Litinin zai kama, kuma Dakta Maryam ta gaya mini tun a ranar cewa ba za ta tsallake Litinin ɗin nan ba sai da hujja, domin dajin ba ya jira.

Ranar ɗuri na uku aka fara ɗibar jinin, sau shida zuwa washegari. Nas ɗin ɗakin ita kaɗai ce a kan gadaje barkatai, sai Dakta ta ba ni aiki ɗaya tal. Duk lokacin da aka ɗiba, in rubuta lokacin a jikin 'yar kwalbar. Ta ce ai kai malami ne. Na ce haba Dakta, wannan kuma ai ba aiki ba ne. Na rubuta da rubutuna mai kyau na hedimasta: kafin Azahar, bayan Azahar, La'asar, La'asar sakaliya, gab da Magariba, sai ta ƙarshe, washegari da hantsi. Ina rubutawa ana rugawa da kwalbar ɗakin gwaji, a tace jinin a sa a firiza. Mai ɗakin gwajin ya kwafi abin da na rubuta harafi da harafi a kan sababbin kwalabe. Shi ma ɗan gida ne, bai ga wani abin mamaki ba.

Biza da takardun izinin fita da jini suka cinye sati biyu. Ranar Litinin da ya rage sati ɗaya cif na je Yammedi sallama. Na tarar da Yaya a zaure kan buzu, na durƙusa muka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar kullum, ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya shanu, yana amsawa lafiya lau, da godiya. Na yi masa bayanin tafiyar, yana kallon bakina yana gyaɗa kai. Matarsa, Yaya Rabi, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da yaji a leda, ta ce an ce abincin Larabawa ba ya riƙe ciki.

Talata da sassafe na hau motar Kano. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, direban ya buɗe but sai ga safaya ita ma a kwance. Muka zauna a bakin titi har rana ta ɗaga, wani dattijo mai kai gyaɗa kasuwar Dawanau yana ta ba ni labarin wani ɗan uwansa da aka kai Masar aka dawo da gawarsa. Wallahi sai da na ce masa Baba don Allah ka bar ni haka. A asibiti aka miƙo mini wata farar kula an liƙe ta da salatif, an cika ta da busasshiyar ƙanƙara, irin wadda ba ta narkewa ta zama ruwa sai dai ta bi iska. Dakta Maryam tana ɗakin tiyata, ba mu haɗu ba. Na sha tunanin wannan daga baya, da ta fito ko na minti biyu ne ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba, da ba a yi haka ba.

A filin jirgi wani jami'i ya ce sai an buɗe. Na nuna takardu masu hatimi har uku, ya ce ya gani, amma a buɗe. Ana ɗaga murfin farin hayaƙi ya tuɗo ya gangaro kan tebur, mutumin ya yi baya har hularsa ta faɗi, mata biyu a bayana suka kama salati. Sai da aka kira wani babba, ya karanta takardun a tsanake, ya ce a rufe wa bawan Allah kayansa kafin su lalace. Da ya ji jinin yayana ne sai ya ce Allah Ya ba shi lafiya, ya sa aka sake liƙe mini kular da kyau.

Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar. Kusa da ni wata hajiya ce mai saro abaya, ta ce wannan zuwanta ba ta san na nawa ba ne. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta cinye abincina da na kasa ci, ita kuma ta gargaɗe ni kada in yarda da kowane direban tasi ko da ya rantse da Alƙur'ani. Ni dai hankalina yana kan kula, da aka ƙi bari in riƙe a cinya.

Da muka sauka, ma'aikatan lafiya na filin jirginsu suka ware ni gefe, ni da kula, a wani ɗan ɗaki mai kujerun ƙarfe. Na ce to, yau Larabcin da na sha bulala a kansa zai yi rana. Na gyara murya na jero musu bayani da i'irabi cikakke. Suka dubi juna suka fashe da dariya, ɗaya ya kira abokinsa ya zo ya ji, ya ce in sake faɗa. Daga baya na gane a kunnensu kamar littafi ne ya buɗe baki yana magana. Nasu Larabcin kuwa ko kashi ɗaya cikin goma ban kama ba. Dariyar dai ta yi mini amfani, don bayan sun gama suka buga hatimi suka sallame ni, har da ba ni shayi.

Wanda ya tare ni Alhaji Tanimu ne, mutumin Rogo, ya je karatu tun yana saurayi bai dawo ba. Yanzu sana'arsa saukar da marasa lafiya daga gida da yi musu tafinta a asibitoci. Masaukin nasa a hawa na shida yake, lifta ta mutu tun kafin a haifi 'ya'yansa, in ji shi. Ɗakuna uku, kowanne cike da mutanenmu, mai ciwon ƙoda, mai ciwon ido, mai jiran a yanke masa ƙafa, da masu jinyarsu. Ba wanda yake tambayar wani me ya kawo ka, sai dai sannu, yaya mai jiki. Alhaji Tanimu ya tambaye ni Rogo kamar wanda ya baro ta jiya, ko har yanzu ana cin kasuwa kamar da, ko wane yana raye. Yawancin waɗanda ya ambata sun rasu, na rasa yadda zan yi, na riƙa cewa suna nan.

Abincin mutanen Masar wake ne da safe, an dafa shi ya yi luguf an zuba mai, a ci da wani burodi mai faɗi kamar faifai. Da rana kuma wani haɗi na shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, kamar an tattara ragowar tukwane uku. Ba laifi, amma Yaya Rabi ta yi gaskiya, ƙuli-ƙulinta ne ya riƙe ni. Abin da ya burge ni shi ne matan gidajen sama ba sa saukowa cefane, kwando suke zurowa da igiya ta baranda, mai kayan miya ya zuba su ja. Gaisuwarsu kuma gajeriya ce, kalma biyu an wuce, amma maza su rungume juna har da sumbatar kumatu. Ni da aka yi mini sai da na sandare.

Laraba da safe muka kai kula. Ɗakin gwajin yana cikin wani babban asibiti, sai mun ratsa ta ɓangaren masu daji. A nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Wani ƙaton mutum mai gashin baki, sa'an Yaya, yana zaune ana masa ƙarin ruwa yana ta ihu, yana nuna kunnensa, yana nuna ƙafarsa, matarsa na taya shi, likita na rubutawa. Na ce wa Alhaji Tanimu wannan wane irin rashin kunya ne, namiji guda. Ya ce haka suke, ɗan ƙaramin abu sai duk unguwa ta ji. Na yi tsaki na wuce, har ina jin daɗin cewa mu ba haka muke ba.

Dakta Huda, abokiyar Dakta Maryam, 'yar gajeriya ce mai saurin magana, amma Turancinta ina ganewa. Mai kula da na'urorin kuwa Ustaz Magdi, dattijo mai sanƙo, shi ya sa na cire zoben azurfata da takalmi, ya ba ni farar riga da hular leda. Ya ce abin da suke nema ƙanƙane ne ƙwarai, ƙurar titi ma tana iya ɓata lissafi, don akwai irin ƙarfen a cikin salansar motoci. Ya buɗe kula, ya ce ma sha Allah, a daskare suke. Na ji wani sanyi a raina. Ya ɗaga kwalbar farko ya juya ta, ya ɗaga ta biyu, ya miƙa wa Dakta Huda. Ta duba ta dube ni, ta ce mene ne wannan aka rubuta.

Na fassara mata da ƙarfin gwiwata. Azahar da La'asar ai ba baƙinta ba ne, ita ma Musulma ce. Ta ce ta gane, amma ƙarfe nawa? Na ce bayan Azahar dai. Ta ce minti nawa bayan an cire masa ƙarin ruwan? Na ce ban duba agogo ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Takarda ta jawo ta zana mini layi mai gangarowa kamar gefen tudu. Ta ce maganin yana shiga jini kashi biyu yake rabuwa. Wani ya manne wa sinadaran jini ya zauna, wani ya yi ta yawo a sake, kuma na saken nan shi ne mai aiki, shi ne mai ɓarna, shi ya sa aka tace jinin tun a Kano don a ware shi. Na saken yana raguwa da sauri ƙwarai a awannin farko, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba rabinsa ya tafi. Saboda haka adadin da za a samu a kwalba ba ya cewa komai shi kaɗai. In an ɗebi jinin ƙarfe biyu ne, adadin yana iya zama daidai. In ƙarfe uku da rabi ne, wannan adadin dai shi ne zai nuna ƙoda ta gaza.

"Na'urata tana iya ƙirga ƙarfen da ke cikin ɗigo ɗaya," in ji ta. "Amma ba ta san ƙarfe nawa ake Azahar a garinku ba."

Ni na sani. A masallacin asibitin ana yi ƙarfe biyu saura, a namu na Karaye sai biyu da rabi, ni kuma a ranar ban ma san a wanne lokaci na samu na yi tawa ba. Bayan Azahar a bakinmu tana iya kai mutum har gab da La'asar. Shekara ashirin da wani abu ina koya wa yara karanta agogo, ga shi a ɗaure a hannuna a ranar, amma da aka ce in rubuta lokaci sai na rubuta shi yadda uwata take faɗa.

Duk da haka suka ce za su auna. Ustaz Magdi, ina jin tausayina ya ji, ya bar ni na zauna ina kallo kwana biyu. Ranar farko ya zuba wa kowane samfur asid ya dafa shi a rufe har ya zama ruwa garai, ba alamar jini. Ranar Alhamis ya kunna babbar na'urar. Tana zuƙar ruwan ta wani siririn bututu ta fesa shi cikin wata 'yar wuta mai tsananin zafi da iskar gas ke riƙe da ita, komai ya wargaje ya koma ƙwayoyinsa na asali, sannan ta tantance su da nauyi, ta ƙirga na filatinam kaɗai. Kafin ya sa na Yaya sai da ya fara ba ta ruwan da ba komai a ciki, sannan wasu ruwaye da ya riga ya san adadin ƙarfen da ke cikinsu, kamar yadda ake gwada sabon mudu da tsoho kafin a yarda da shi. Ya nuna mini wata tsohuwar na'ura a lungu, mai ƙona ɗigo a cikin ɗan bututun gawayi ta haska shi da fitila ta auna hasken da ƙarfen ya shanye, ya ce da ita ya fara aiki, tana da jinkiri amma ba ta ƙarya. Akwai wata kuma da ke rarrabe maganin da yake cikakke da wanda jiki ya riga ya farfasa. Ni dai ina zaune cikin hular leda ina kallon jinin yayana yana shiga wuta.

Lambobi suka fito da yammacin Alhamis. Dakta Huda ta daɗe tana kallonsu. Ta ce ba su kwanta mata ba, amma ba za ta sa hannu a kan zato ba, don in ta ce a dakatar da maganin alhali ƙodar lafiya take, ta ba dajin hanya ke nan. Sai ta tambaye ni ko Yaya yana kukan ƙara a kunne, ko ƙafarsa na dindiris. Na ce a'a, kullum lafiya lau yake cewa. Ta ce ba abin da yake cewa ta tambaya ba. A gabana ta kira Dakta Maryam ta gaya mata halin da ake ciki, ta ce a nemo lokutan, a kuma tambaye shi kunnensa.

A nan kwanaki suka fara zubewa. Na ɗauka ina da Juma'a da Asabar, ashe su ranakun hutunsu ke nan, Lahadi suke komawa aiki. Na yi ta kiran Kano. Littafin nas ya nuna lokacin da aka sa ruwan da lokacin da aka cire, amma ba lokutan ɗibar jini, tunda an ce malami yana rubutawa. Na zauna a ɗakin Alhaji Tanimu ina matsa ƙwaƙwalwata, ko na tuna inuwa, ko kiran salla, ba abin da ya zo. Shi kuwa yana ta lallashina in fito ya kai ni in ga dala, wai ba a zuwa Masar a koma haka. Na ce Alhaji ka ƙyale ni.

Ranar Lahadi na kira Dakta Maryam na roƙe ta ta ɗaga ko da kwana biyu ne. Ta ce jinin fitsarin ya dawo da ƙarfi, gwajin ƙoda yana nan inda yake, ba ta da abin da za ta riƙe ta ce ta fasa. Amma za ta tambaye shi da kanta, in ya ce ko ɗan ƙara yana ji a kunne, ba za ta ɗura ba. Na kira Yaya Rabi na ce ta ba shi waya. Na ce Yaya, gobe in likita ta tambaye ka, don Allah ka faɗa mata duk abin da kake ji, kada ka ɓoye. Ya ce lafiya lau Habu, lafiya lau, yaya baƙunta, Allah Ya dawo da kai lafiya. Na kashe waya har ina cewa alhamdu lillahi muryarsa da ƙarfi.

Litinin da hantsi ina zaune a ɗakin gwaji kamar maraya, Ustaz Magdi ya kawo mini shayi. Cikin hira, da Turancinsa da ya kakkarye da Larabcina na littafi, ya tambaye ni wa yake jinyar Yaya a ranar. Na ce ni kaɗai, matarsa tana gida, duk sanda aka ɗebi jini sai in kira ta in gaya mata, don ta ce kada in ɓoye mata komai. Ya ajiye kofinsa. Ya ce duk sanda aka ɗiba? Na ce ƙwarai, ina rubutawa ina kira. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayata.

Suna nan. Kira shida zuwa ga Yaya Rabi, kowanne da awarsa da mintinsa. Tun ranar Laraba ake nemansu, ashe suna cikin aljihuna, da su nake hawa bene hawa shida, da su nake kwana.

Dakta Huda ta bar duk abin da take yi ta zauna lissafi. Ba ta ɗauki awa biyu ba. Layin Yaya bai gangaro yadda ya kamata ba, ya kwanta yana jan jiki, ƙarfen yana daɗewa a jininsa fiye da kima. Ta rubuta a canza magani, ta sa hannu, na ɗauki hoton takardar na tura. Na kira, ba a ɗaga ba, na sake kira. Da Dakta Maryam ta ɗaga sai ta ce Malam, an cire masa ruwan tun ɗazu. Ta ce ta tambaye shi har sau uku, kunnenka fa, ƙafarka fa, ya ce lafiya lau, da godiya.

Ban san yadda na fito daga asibitin ba. Abin da na tuna shi ne mun sake ratsawa ta ɓangaren masu daji, ga mutumin nan mai gashin baki yana nan yana ta ƙorafinsa, likita na sauraro. Na tsaya ina kallonsa har Alhaji Tanimu ya ja hannuna. Wallahi a lokacin da za a ba ni zaɓi, da na so yayana ya zama mara kunya irinsa.

Dawowar ba ta da labari. Hajiya mai abaya ba ta cikin jirgin, ba wanda ya buɗe mini kaya, kular ma a can na bar ta. A Kano na tarar an riga an kwantar da Yaya, ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ɗauke. Aka yi masa wankin ƙoda, ya ɗan farfaɗo, amma Dakta Maryam ta ce ƙodar ba za ta koma daidai ba, kuma a yadda take yanzu ko maganin mai sauƙin ba za ta iya ɗauka ba. Aka sallame mu mu koma gida. A mota Yaya Rabi take gaya mini, tana kuka ƙasa-ƙasa, cewa tun bayan ɗuri na biyu ta lura sai ta maimaita magana, tun kafin in tafi kuma ya daina juyowa in shanu sun yi kuka. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce shi bai faɗa ba, ita wace ce da za ta tona masa.

Kwana uku da komawarmu na hau babur na tafi Yammedi da hantsi, na ƙudura a raina yau sai na gaya masa. Na same shi a zaure, an jingina shi da bango, ƙafafun a miƙe kan buzu. Ya rame, sai idanu. Na durƙusa. Yana ganin bakina ya motsa ya fara amsawa, lafiya lau, ba gajiya, da sauƙi, suna lafiya, ɗaya bayan ɗaya yadda gaisuwa take tafiya, har ya wuce ni, yana amsa abin da ban kai ga tambaya ba. A nan na gane yadda ya yi da ni ranar sallama, da yadda ya yi da ni a waya, da yadda ya yi da likita. Shekara sittin yana gaisawa da mutane, ba ya bukatar kunne.

Na matsa kusa har gwiwata na taɓa tasa. Na fito da takardar Dakta Huda na ajiye a gabansa, ko da yake ba ya karatun boko. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗaga masa ba tun da aka haife ni.

"Yaya, ni na ɓata aikin nan. Aiki ɗaya aka ba ni, na kasa. Ka yafe mini."

Ya dubi bakina har na rufe shi. Ya ɗan jira ya tabbatar na gama, sannan ya yi murmushi ya dafa kafaɗata.

"Lafiya lau, Habu," ya ce. "Lafiya lau."